Ɗinkin Samarinmu da Iyakar da Shari'a Ta Gindaya: Nasiha Kafin a Kai Yadin Sallah Wurin Tela

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya suturta ɗan Adam, Ya fifita shi a kan dabbobi da kunya da tufafi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Azumi ya ƙarato, kuma kowa ya san abin da ke biye da shi. Teloli sun fara karɓar ɗinkin Sallah a nan Agege, masu niyyar hawa mota zuwa gida kuma sun fara aika yadi Azare don kafin su isa an gama. Shi ya sa Malam Liman ya umarce ni da in tattara abin da ya karantar a makonnin nan game da tufafin maza, in rubuta shi a takardar wannan Juma'a, bayan ya duba ya gyara.

Dalilin maganar ba ɓoyayye ba ne. Akwai 'yar tsama tsakanin dattawanmu da samarinmu a kan sutura, har ta fara shafar sahun sallah. Wasu samari sun daina zuwa jam'i a masallacin nan saboda an yi musu tsawa a bainar jama'a kan ɗinkinsu. Wasu kuma suna zuwa, amma da kayan da in sun yi sujada na bayansu sai ya kau da kai. Duka biyun asara ce, kuma duka biyun suna da magani.

Abin da samari ke sawa yanzu

Duk mai ido ya ga yadda ɗinki ya sauya. Kaftanin da muka sani mai faɗi, mai sauka har ƙwauri, yanzu an rage masa tsawo, an tsuke shi a ƙirji da hannu, wani a sa masa zif a madadin maɓalli, wani a karkata wuyan gefe guda. Wandon ya koma fensir, ya tsaya a saman idon sawu. A ƙafa kambas fari tas. A kai, da rana Zanna Bukar, da daddare hular nan da Bahaushe ya raɗa wa hana-sallah. Wani ya ɗora jamfar shadda a kan wandon jins, wani ya sa babbar riga a kan tishat ya rataya sarƙa. Yawancin samfurin daga waya yake fitowa: yaro ya ga mawaƙi ko ɗan fim a TikTok ko Instagram, ya ɗauki hoton, ya miƙa wa tela ya ce irin wannan nake so. Telan Legas da telan Azare duk hoto ɗaya ake nuna musu, shi ya sa in ka je gida da Sallah sai ka tarar da ɗinkin da ka baro a Agege ya riga ka isa.

Dattijo in ya ga haka sai ya ce an ɓata kayan gado, an gauraya tufafin mutunci da na 'yan rawa. Saurayi kuma ya ce, Baba, zamani riga ne. To, bari mu auna maganar kowa a ma'aunin da ba ya zalunci.

Kayan gadon ma tattaro su aka yi

Ya kamata mu fara da gaskiya a kan abin da muke kira kayan gargajiya. Ƙasarmu ta Guddiri tana kan hanyar da ta haɗa Kano da Borno. Tun zamanin Malam Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ya kafa Katagum, fatake ke ratsa ta gabas da yamma. Ta nan Turawan nan Kilafaton da Odni suka bi a 1824 daga Kukawa za su Kano. Da aka mayar da gadon sarauta Azare a 1916, garin ya ci gaba da zama mahaɗar Hausawa, Fulani, Barebari da Karekare. Mutanen da ke zaune a kan hanya irin wannan, tufafinsu ba zai taɓa zama na gida ɗaya ba.

Ku duba abin da ke jikinmu yau Juma'a. Hular Zanna Bukar daga Borno ta zo, ta ɗauki sunan Zanna Bukar Dipcharima, ministan jamhuriya ta farko. Dara da alkyabbar da sarakuna ke sawa ran hawa, ta hamada suka shigo daga ƙasashen Larabawan arewacin Afirka. Jallabiya alhazai suka yawaita ta. Shaddar gezna da Alhazanmu ke ji da ita, a ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, mai sauƙin kuɗin kuma daga Sin. Doguwar rigar da ake kira tazarce ba ta daɗe ba, sunanta ma daga siyasar zamanin Abacha ya fito, wajen 1998. Keken ɗinkin kansa baƙo ne. Kakanninmu da allura suke ɗinka saƙi, ƙwarya-ƙwarya. Ko shakka babu, duk lokacin da sabon ɗinki ya shigo sai an sami dattijon da ya girgiza kai, daga baya jikokinsa su kira shi kayan gado.

Sunna ma ta nuna haka. Sahabi Mugira ɗan Shu'uba ya ba da labarin wata tafiya da Annabi (SAW) yake sanye da jabba ta ƙasar waje, wata ruwayar ta ce ta Sham, wata ta ce ta Rumawa. Hannuwanta sun tsuke, har da zai yi alwala sai da ya fito da hannayensa ta ƙarƙashinta. Labarin yana cikin Buhari da Muslim. Anas kuma ya ruwaito cewa mayafin Yaman mai ratsi-ratsi yana cikin tufafin da ya fi so. Ke nan fitowar tufafi daga wata ƙasa, ko tsukewar hannun riga, su kaɗai ba sa haramta shi.

Haka nan son ado. A Suratul A'arafi, aya ta 26, Allah Ya ambaci amfani biyu na tufafi, rufe tsiraici da ƙawa, sannan Ya sanar da mu cewa tufafin taƙawa ya fi duka. A aya ta 31 Ya umarce mu da yin ado in za mu masallaci, a ta 32 kuma Ya ƙi amincewa da wanda zai haramta adon da Ya fitar wa bayinSa. Hadisin Ibnu Mas'ud a cikin Muslim ya ƙara bayani: da Annabi (SAW) ya tsoratar a kan girman kai, wani ya tambaya game da mutumin da ke son rigarsa da takalminsa su yi kyau, sai aka sanar da shi cewa Allah Yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka, Alhaji, in ɗanka ya yi wanka ya sa turare ya fito fes, ka gode wa Allah. Ƙazanta ba ta cikin addini.

Inda iyakar take

To, ƙannena samari, kada ku ce an ɗaure muku gindi. Shari'a ba ta zana muku samfurin wuya ko aljihu ba, amma ta kafa iyakoki, kuma su ba sa sauyawa da yayi.

Ta farko, rufe al'aura. Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. A nan ne gajeren kaftani da wandon da ba ya kaiwa ƙugu suke cutar da mai su. Kana tsaye komai lafiya, da ka yi ruku'u ko sujada riga ta ja sama, wando ya ja ƙasa, baya ya buɗe. Malaman Malikiyya sun raba al'aura gida biyu, mai nauyi da mai sauƙi. Wanda mai nauyin ta buɗe yana sane kuma yana da ikon rufewa, sallarsa ta ɓaci. Wanda mazaunansa suka buɗe, ana son ya sake sallar matuƙar lokacinta bai fita ba. Sun kuma karhanta tufafi mai matsewa har ya fito da surar al'aura. Ɗan'uwa, ka auna: ka rufe shago, ka keta cunkoson Legas ka zo jam'i, sannan taƙi ɗaya na yadi ya ja maka asarar sallar. Gwajin ba wuya. Ran da ka je karɓar ɗinki, ka sa shi ka sunkuya, ka durƙusa kamar mai sujada tun kana shagon. In ya buɗe, a ƙara masa tsawo.

Zancen zazzago wando ƙasan ƙugu har gajeren wandon ciki ya fito kuwa, wannan ba ɗinki ba ne ma balle a ce ado. Masu bin tarihin abin suna danganta shi da gidajen yarin Amurka inda ake karɓe wa fursuna bel, daga nan mawaƙa suka yayata shi. Ɗan gidan mutunci ba shi da abin kwaikwayo a nan.

Ta biyu, zinariya da alharini. Hadisin Sayyadina Aliyu ya tabbatar da haramcinsu ga mazan wannan al'umma da halaccinsu ga mata. Shadda auduga ce, ƙyallinta bai mayar da ita alharini ba, don haka ba laifi. Zoben azurfa ma halal ne, Annabi (SAW) ya sa. Amma sarƙar zinariya, ko zobenta, ko agogon da aka yi da ita, namiji ya bar wa matarsa.

Ta uku, kamanceceniya da mata. Hadisin Ibnu Abbas a cikin Buhari ya zo da tsinuwa a kan namiji mai kwaikwayon mata da mace mai kwaikwayon maza. Wani zai ce sarƙar tawa ai ta ƙarfe ce, ba zinariya ba. To, a al'adarmu daga Azare har Gamawa, wa aka sani da sarƙar wuya da ɗan kunne? Kayan lefe ne. Ka bar su a inda aka san su.

Ta huɗu, abin da ke rubuce ko zane a jikin riga. Da yawa muna sayen tishat a gwanjon Katangowa ba mu karanta abin da ke kai ba. Wata tallar giya ce, wata ganyen wiwi, wata ƙoƙon kan mutum, wata zagi ne tsagwaronsa da Turanci. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi sallah da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya sa aka mayar wa Abu Jahmi aka karɓo maras zane, saboda zanen ya ɗauke masa hankali. In zanen mayafi ya kai haka, ina ga hoton mawaƙi a gadon bayanka, ga bawan Allah a sahun baya yana son ya natsu?

Ta biyar, girman kai da neman suna. Hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani ga mai jan tufafinsa a ƙasa don taƙama, kuma hadisin Ibnu Umar a cikin Abu Dawuda ya yi wa mai sa tufafin neman shahara alkawarin tufafin ƙasƙanci ranar Lahira. A nan, iyayenmu, ku yi mini afuwa, maganar ta haɗa da mu duka. Wandon yaron da ya tsaya a saman idon sawu, ta fuskar tsawo ya fi kusa da sunna a kan wandon shaddar da ke sharar titi. Kuma malum-malum mai aska takwas da aka ɗinka don a ƙure wane a wurin ɗaurin aure, ita ma tana iya zama tufafin shahara. Cutar a zuci take, tana shiga babbar riga kamar yadda take shiga jins.

Aski ma ya shigo ciki. Ibnu Umar ya ruwaito hani a kan aske wani sashe na kai a bar wani. Mai son tara suma ya tara ta duka ya kula da ita, mai son askewa ya aske duka ko ya rage ta daidai.

Inda rigar ke kai mai ita

Akwai abin da ya fi ɗinkin damun iyaye, ko da ba su iya faɗarsa kai tsaye ba. Tsoronsu shi ne inda ake zuwa da kayan. Kaftanin da aka yi Juma'a da shi, da daddare a sauya masa hula a tafi kulob ko gidan gala, ko wurin bikin da DJ zai kwana yana kiɗa maza da mata a cakuɗe. A irin wuraren nan ne yaro ke fara haɗuwa da kwalba da ƙwaya. Kun tuna yadda maganin tari mai kodin ya yi wa samarin Arewa illa, har gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018.

A gida, jiharmu ta Bauchi ta karɓi shari'a tun 2001, ga idon maƙwabta, ga kunyar dangi. In ka yi abin assha a Azare, kafin ka iso ƙofar gida labari ya riga ka. A Legas ba wanda ya san ɗan wane ne kai. Mai tsaronka a nan shi ne tsoron Allah da ke ƙirjinka, sai abokan da ka zaɓa. Don haka tambayar da saurayi zai yi wa kansa tun yana gaban tela ita ce: wannan ɗinkin, wa nake son ya gan ni da shi, kuma a ina? In amsar ta sa ka jin kunya, ka san yadin bai yi laifi ba, niyyar ce ke buƙatar gyara.

Sai maganar kuɗi. Mafi yawanmu neman halali ya kawo mu, wani a Mil 12, wani a mayankar Oko-Oba, wani a Alaba Rago, wani yana tura baro ko gadi. A gida akwai tsohuwa da ke jiran saƙo, akwai ƙanne a makaranta, ga damina tana tafe da kuɗin taki. Ba daidai ba ne saurayi ya ci bashi ya ɗinka kala biyar don ya burge 'yan garinsu ran hawan Sallah, alhali mahaifiyarsa ba ta ga buhun gero daga hannunsa ba. Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, ta haɗa ba dangi haƙƙinsu da hani ga almubazzaranci a wuri guda, ta kuma danganta almubazzarai da shaiɗanu. Zanen aro ba ya rufe katara. Kala ɗaya ko biyu da guminka sun fi akwati cike da bashi.

Zuwa ga telolinmu

Sana'arku mai daraja ce. Anas ya ba da labarin wani tela da ya gayyaci Annabi (SAW) cin abinci, ya amsa ya je, har Anas ya gan shi yana bin yankan kabewa a cikin akushi, kuma Imamu Buhari ya kawo labarin a babin da ya ware wa tela a littafin ciniki. Ku riƙe darajar nan da abu uku. Kada ku karɓi aikin da kun san ba zai gamu ba kafin Sallah. Saɓa alkawari yana cikin alamomin munafunci da hadisi ya lissafa, kuma ba ƙaramin zalunci ba ne magidanci ya kwana a ƙofar shago daren Sallah yana jiran kayan yaransa. Ragowar yadi amana ce, ku mayar wa mai shi sai in ya yafe. Sannan ku ne kuka fi kowa ikon gyara matsalar da muke magana a kai. In yaro ya kawo hoto, ku yi masa yayin da yake so, wuyan, zif ɗin, aikin kwamfutar, amma ku ce masa, bari in ƙara maka tsawo kaɗan a baya, in saki cinyar don ka ji daɗin sallah. Zai ji maganarku fiye da ta kowa, don ya yarda kun san ado.

Mu ma masu kai ɗinki, mu biya a kan lokaci. Hadisi ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. Akwai masu karɓar kaya su ce sai bayan Sallah, har wata Sallar ta zagayo.

Zuwa ga iyayenmu

Ku dubi yadda Sayyadina Umar ya yi. Yana kwance bayan an soke shi, yana jinyar ajali, wani saurayi ya shigo ya gaishe shi ya yi masa kyakkyawar magana. Da ya juya zai fita, Umar ya lura tufafinsa na jan ƙasa. Sai ya sa aka kirawo shi, ya kira shi da ɗan ɗan'uwansa, ya shawarce shi ya ɗage, ya ba shi dalili biyu, na tsaftar tufafin da na tsoron Allah. Labarin yana cikin Buhari. Umar bai yi shiru ba ko a wannan hali, amma kuma bai kunyata yaron ba.

Saurayin da ya taso ya zo masallaci a garin da ba mai tilasta masa, akwai alheri a tare da shi. In aka kore shi saboda hularsa, ƙofar kulob a buɗe take, kuma can ba mai yi masa tsawa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku ja shi gefe bayan sallama, ku tambaye shi mutanen gida, sannan ku faɗa masa abu ɗaya da zai gyara. Abin da shari'a ta hana, ku tsaya a kai. Abin da kawai bai yi muku kyau a ido ba, ku bar masa zamaninsa.

Abin da kwamiti ya tsayar

Daga wannan mako an ajiye jallabiyoyi wankakku a ɗakin ladan. Duk wanda sallah ta riske shi da kayan aiki ko kayan da ba za su rufe shi ba, ya karɓa ya sa ba tare da an tambaye shi komai ba. Ba a yarda wani ya fitar da wani daga sahu ko ya ɗaga masa murya kan tufafi ba. Mai ƙorafi ya sami Malam Liman. Ranar Asabar bayan Isha'i Malam zai karanta babin Risala da ya yi magana a kan tufafi da rufe al'aura, ana gayyatar samari da teloli musamman, kuma za a ba da damar tambaya. Masu kayan da suka daina sawa, masu kyau, su kawo ofishin sakatare kafin goma ga azumi don a haɗa a aika wa marayu a gida.

Ya Allah Ka suturta mu duniya da Lahira. Ka shirya mana samarinmu, Ka tausasa zukatan iyayenmu a kansu. Ka sa albarka a kasuwancinmu da sana'o'inmu, Ka kai matafiya gida lafiya. Ka jiƙan magabatanmu, Ka zaunar da ƙasar Katagum da Najeriya baki ɗaya lafiya. Ka nuna mana Ramadan muna masu imani da ƙoshin lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci